Manhajar sikeli ta C++ da baƙonta na .NET: bin diddigin kurakurai daga 0x80008096 har zuwa bayit ukun da ba wanda ya rubuta

Manhajar da ake magana a kanta tsohuwa ce, da C++ aka rubuta ta, tana gudana a Windows mai bit 64. Aikinta karɓar awo daga babban sikelin da motocin kaya ke hawa, ta nuna nauyi a allo, ta buga takarda. Da aka buƙaci sabon sashe na adana awo a rumbun SQLite da fitar da rahoto, sai aka rubuta shi da C#, aka harhaɗa shi ya zama `Rahoto.dll`. Shawarar da aka yanke ita ce manhajar C++ ta ɗauko injin .NET ta zaunar da shi cikin furoses ɗinta (process, wato ita kanta manhajar a lokacin da take gudana), ta riƙa kiransa kai tsaye. Wato C++ ce mai masauki, .NET kuma baƙo. A kwamfutar da aka rubuta sashen komai ya tafi daidai. A kwamfutar ofishin sikeli kuwa, in an danna maɓallin rahoto shiru kake ji, sai layi ɗaya a fayil ɗin bayanai mai ɗauke da lamba -2147450730.

Kafin a taɓa komai, dole a san ƙofofin da kira ke bi daga mai masauki zuwa baƙo, domin kowace ƙofa da irin cikas ɗinta. Tun daga .NET Core 3.0 da ya fito a 2019, hanyar da Microsoft ta shimfiɗa ita ce wannan. Mai masauki zai kira `get_hostfxr_path` daga laburaren nethost don gano inda `hostfxr.dll` yake. Zai loda shi da `LoadLibrary`, ya zaro ayyukansa da `GetProcAddress`. Zai kira `hostfxr_initialize_for_runtime_config` ya miƙa masa `Rahoto.runtimeconfig.json`. Daga nan sai `hostfxr_get_runtime_delegate`, inda zai nemi `hdt_load_assembly_and_get_function_pointer`, kuma da manunin (pointer, adireshin aiki a ƙwaƙwalwa) da ya samu zai loda `Rahoto.dll` ya karɓi adireshin aikin C# da yake son kira. Abin da yawanci ba a lura da shi ba shi ne, kiran da ke da kalmar initialize a sunansa ba ya tayar da injin. Karanta fayil kawai yake yi, ya zaɓi sigar .NET, ya loda `hostpolicy.dll`. Shi `coreclr.dll`, wato ainihin injin, sai a kiran da ke biye yake tashi.

Lambar da ke fayil ɗin bayanai ba ta da amfani a lissafin goma-goma. In aka juya -2147450730 zuwa heksa, wato lissafin sha shida-sha shida, za ta zama 0x80008096, kuma daga nan ta fara magana. Duk lambar da ta fara da 0x800080 daga masu buɗe ƙofa take, wato nethost da hostfxr da hostpolicy, kuma galibi tana nufin ko layi ɗaya na C# bai gudana ba tukuna. Wadda ta fara da 0x8013 daga cikin injin take, kuskure ne na .NET da aka mayar lamba. Wadda ta fara da 0x8007 asalinta kuskuren Windows ne, amma wasu kurakuran .NET ma ita suke ɗauka. Don haka gyara na farko da aka yi ƙarami ne: aka sauya layin rubuta kuskure ya riƙa buga lamba da `0x%08X`, tare da sunan kiran da ya dawo da ita.

A sa mai buɗe ƙofa ya yi magana

hostfxr ba ya faɗuwa shiru. Yana rubuta bayani dalla-dalla, amma a stderr, mafitar saƙon kuskure ta baƙin allon umarni, yake zubawa, manhaja mai taga kuma ba ta da baƙin allon da za a ga wannan. Hanyoyi biyu ne na jin bakinsa. Ta farko ba ta buƙatar sake harhaɗa komai: a buɗe cmd a kwamfutar da ke da matsalar, a rubuta

```
set COREHOST_TRACE=1
set COREHOST_TRACEFILE=C:\Temp\masauki.txt
set COREHOST_TRACE_VERBOSITY=4
```

sannan a tayar da manhajar daga wannan tagar ta cmd ɗin kanta. Nan ake yawan tuntuɓe. Mutum zai rubuta layukan uku, ya koma ya danna alamar manhajar a kan tebur, ya ga babu fayil, ya ce abin ba ya aiki. Saitin da aka yi da `set` tagar da aka yi shi da 'ya'yanta kaɗai ke gadonsa. Kuma folda `C:\Temp` sai ta kasance akwai ta.

Hanya ta biyu ita ce ta dindindin, kuma a ganinmu bai kamata a saki mai masauki ba tare da ita ba: a kira `hostfxr_set_error_writer` a miƙa masa ƙaramin aiki da zai karɓi saƙo ya zuba a fayil ɗin bayanai. A kula, rajistar ta zare ɗaya ce (thread, layin gudana ɗaya a cikin furoses). In an yi ta a babban zare, aka kuma kira initialize daga wani zaren, saƙon zai koma stderr ya ɓace kamar da.

Fayil `masauki.txt` ya fito da tsawo, amma ƙasansa ya faɗi komai. Ana neman `Microsoft.NETCore.App` siga 6.0.0 na x64, abin da aka samu a `C:\Program Files\dotnet\shared\Microsoft.NETCore.App` kuwa na jerin 8.0 ne kaɗai. Ga abin da ke cikin fayil ɗin saiti:

```
{
  "runtimeOptions": {
    "tfm": "net6.0",
    "framework": { "name": "Microsoft.NETCore.App", "version": "6.0.0" }
  }
}
```

Mutane kan ɗauka sabuwar siga za ta ɗauki aikin tsohuwa. Ba haka ƙa'idar take ba. In ba a ce komai ba, hostfxr yana bin tsarin da ake kira Minor: zai hau zuwa 6.0.x mafi sabunta, zai yarda da 6.1 da akwai shi, amma ba zai tsallaka daga 6 zuwa 8 ba. Kwamfutar mai rubutun tana da 6 da 8 duka saboda SDK ɗin da aka daɗe ana girkawa, shi ya sa ba ta taɓa nuna matsalar ba. Ana iya sa `RollForward` ya zama `Major` a fayil ɗin aikin C# (`.csproj`), maɓalli ya yi aiki nan take, kuma don gwaji na minti biyar saitin muhalli `DOTNET_ROLL_FORWARD=Major` ya isa a tabbatar nan matsalar take. Amma a bar shi haka an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin lambar za ta riƙa gudana a kan injin da ba a taɓa gwada ta a kai ba. Tallafin .NET 6 ma ya ƙare tun 12 ga Nuwamba 2024. Sai aka mayar da aikin `net8.0`, aka kuma sa manhajar girkawa ta duba ko akwai injin 8 na x64 kafin ta kammala.

Akwai abu ɗaya da ke rikita mutane a wannan ƙofar, ko da bai faru a nan ba. Umarnin `dotnet --list-runtimes` yana nuna abin da ke ƙarƙashin `dotnet.exe` ɗin da ya fara zuwa a PATH ne kawai. In mai masauki mai bit 32 ne, ba ruwansa da wannan jerin, nasa injin na x86 yake nema a wata folda daban. In babu, tun `get_hostfxr_path` zai dawo da 0x80008083. In kuma aka tilasta masa da `DOTNET_ROOT` zuwa foldar bit 64, `LoadLibrary` zai ƙi, `GetLastError` ya ba da 193. Umarnin `dumpbin /headers` a kan fayil ɗin exe yana raba gardama cikin daƙiƙa.

Washegarin gyaran sai ga 0x80008093 daga kiran initialize, amma ba kullum ba. Lambar tana nufin fayil ɗin saiti ba ya nan ko bai karantu ba. Fayil yana nan lafiya. An rubuta hanyarsa ne a gajarce, `L"Rahoto.runtimeconfig.json"`, wadda ke dogara da foldar da furoses ke tsaye a ciki. Duk ranar da ma'aikaci ya fara buɗe wani fayil ta tagar zaɓen fayil ta Windows, tagar kan sauya wannan foldar, sai hanya ta ɓace. Aka gina cikakkiyar hanya daga `GetModuleFileNameW`, ga fayil ɗin saiti da `Rahoto.dll` duka.

Sunayen da babu mai dubawa

Da aka wuce wannan, kiran loda DLL ya dawo da 0x80131522. Lambar ta fara da 0x8013, ke nan injin ya tashi, kuma wannan ita ce `TypeLoadException`. Lokacin ƙaura zuwa 8 an gyara tsarin sunaye a C#, ajin `Kofa` ya koma ƙarƙashin `Rahoto.Shiga`, amma rubutun da ke C++ yana nan yadda yake. Babu kwamfailar da za ta kama wannan, domin a wurinta rubutu ne kamar kowane. Daidai shi ne `L"Rahoto.Shiga.Kofa, Rahoto"`: cikakken sunan aji, waƙafi, sannan sunan DLL ba tare da .dll ba. In aka manta abin da ke bayan waƙafi, wannan lambar dai za ta sake fitowa. In aka yi kuskuren harafi a bayan waƙafi, 0x80070002 za a gani, wato ba a ga fayil ba, alhali fayil na zaune a inda yake.

Sunan aiki ma yana da tarkonsa. In aka miƙa `nullptr` a gurbin nau'in wakili (delegate, abin da C# ke nuna aiki da shi), injin zai ɗauka aikin yana da siffar da aka saba: tsayayyen aiki mai karɓar `IntPtr` da `int`, mai dawo da `int`. Saɓanin haka, ko kuskuren harafi a sunan, zai ba da 0x80070057, lambar da ba ta faɗin komai sai cewa an miƙa abin da bai dace ba. In kuwa aka bi hanyar da .NET 5 ya kawo, aka sa wa aikin alamar `UnmanagedCallersOnly` aka miƙa `UNMANAGEDCALLERSONLY_METHOD`, kuskuren suna zai ba da 0x80131513, manta alamar kuma 0x80131509. Marubucin kuskuren da aka yi wa rajista ba ya jin ko ɗaya daga waɗannan, nasa na hostfxr ne kawai. A wannan ƙofar lamba ce kaɗai abin riƙewa.

Nasarar da aka ɗauka faɗuwa ce

Maɓalli ya yi aiki. Rahoto ya fito. Aka sake danna shi, sai fayil ɗin bayanai ya ce initialize ya faɗi da 0x00000001.

Wannan ba faɗuwa ba ce. Sunanta `Success_HostAlreadyInitialized`, tana cewa an riga an tayar da injin a wannan furoses, ga shi nan ka ci gaba da amfani. 'Yar'uwarta 0x00000002 tana cewa haka nan, sai dai saitin da ka kawo ya bambanta da wanda aka tashi da shi. Lambar mai masaukin tana duba `rc != 0`, kamar yadda ake gani a misalan da ke kiran injin sau ɗaya su fita, sai ta ɗauki 1 a matsayin kuskure. Faɗuwa ta gaskiya koyaushe lamba ce mai ragi in an riƙe ta a `int32_t`, don haka `rc < 0` ne daidai.

Amma gyaran alama ɗaya bai isa ba, domin tunanin da ke ƙarƙashi ne ya karkace. An rubuta lambar kamar kowane danna maɓalli zai tayar da injin, ya yi aiki, `hostfxr_close` ya sauke shi. Injin .NET ba ya sauka. Da zarar ya shiga furoses yana nan har furoses ya mutu, `hostfxr_close` kuwa mariƙin (handle) da initialize ya ba ka kawai yake saki. Haka `Rahoto.dll`, in an loda shi ta wannan hanyar babu cire shi, shi ya sa ba za a iya sabunta shi manhaja na buɗe ba. Aka mayar da duk tashin ƙarƙashin `std::call_once`, aka ajiye manunan aiki don amfani har ƙarshe. Wannan ya toshe wani rami kuma: in an yi initialize ba a kai ga tayar da injin ba, ba a kuma rufe mariƙin ba, kiran initialize na biyu zai tsaya yana jira. In daga zare ɗaya suke, manhaja ta daskare ke nan, babu lamba babu saƙo. Kada kuma a kai wannan tashin cikin `DllMain`, inda Windows ke riƙe da makullin loda laburare, injin kuma yana buƙatar loda wasu da buɗe zarurruka.

Ga wanda lambarsa ƙari (plugin) ce a cikin manhajar wasu, wannan batun ya fi zafi. Wanda ya riga shi tayar da injin shi ya zaɓi siga. In wani ƙari ya tashi da 6 kai kuma kana neman 8, amsarka 0x800080a5, kuma babu dabarar zaunar da injina biyu na wannan zuriyar ta hostfxr a furoses ɗaya. Mafita ita ce a daidaita siga, ko a fitar da sashen zuwa nasa furoses.

Manhaja ta ɓace

Rahoto karanta fayil yake yi. Adana awo shi ke taɓa SQLite, kuma karon farko da aka gwada shi a ofishin sikeli taga ta ɓace gaba ɗaya. Fayil ɗin bayanai bai ce uffan ba. A irin wannan, wurin dubawa shi ne Event Viewer, sashen Application. Can aka ga shigarwa biyu a daƙiƙa ɗaya: ta Application Error mai lamba 1000 da ke nuna 0xE0434352, da ta .NET Runtime mai lamba 1026. Lambar 0xE0434352 ita ce rigar da duk kuskuren .NET ke sawa in ya fito fili a Windows, ba ta faɗin wane ne. Shigarwa ta 1026 ce ke ɗauke da tulin kira, wato jerin ayyukan da ake ciki lokacin kuskuren: `TypeInitializationException` a kan `SqliteConnection`, a cikinsa kuma `DllNotFoundException`, an kasa loda `e_sqlite3`.

Kunshin Microsoft.Data.Sqlite ba C# zalla ba ne. Ainihin SQLite da C aka rubuta shi, yana zuwa a `runtimes\win-x64\native\e_sqlite3.dll` ƙarƙashin foldar da aka harhaɗa. Abin da ke gaya wa injin ya leƙa can shi ne `Rahoto.deps.json`. Wanda ya shirya manhajar girkawa ya kwashi duk abin da ya ƙare da .dll a saman folda, ya ƙara fayil ɗin saiti da hannu, ya bar `deps.json` da foldar `runtimes`. In babu `deps.json`, injin ba ya kuka, foldar da DLL ɗin yake kawai zai ɗauka a matsayin komai. Shi ya sa ƙofofin farko duk suka buɗe, sai da aka zo neman abin da ke ƙasan folda asiri ya tonu. Ƙa'idar da aka kafa ita ce a sa `EnableDynamicLoading` ya zama `true` a fayil ɗin aikin, wanda ke sa a samar da fayil ɗin saiti a kuma kwafo kunshin da ake dogaro da su, sannan a kwashi foldar fitarwa ɗungurungum, kada a tsince.

Rashin fayil laifi ɗaya ne. Mutuwar manhaja saboda shi laifi na biyu ne, kuma ya fi girma, domin sikeli ya tsaya ana tsaka da awo saboda sashen adanawa. Bai halatta kuskuren C# ya ƙetara iyaka zuwa C++ ba. A Windows wani lokaci ana iya cafke shi da dabarun SEH, tsarin kama kuskure na Windows, a Linux kuwa furoses mutuwa yake yi, kuma ko a Windows babu tabbacin C++ ya share abin da ya buɗe. Kowane aikin da C++ ke kira sai aka naɗe cikinsa da `try` da `catch` mai kama komai. Yana rubuta `ToString` na kuskuren a fayil, ya ajiye saƙon, ya dawo da lamba mai ragi. Aka ƙara wani ƙaramin aiki da C++ zai kira da ma'ajiyarsa da girmanta don karɓar saƙon. Ma'ajiyar ta mai masauki ce, shi ya ware ta shi zai sake ta, don kada wani ɓangare ya saki abin da ɗayan ya ware.

Bayan sa'o'i

Daga nan komai ya zauna, har aka kunna sashen da ke karɓar awo kai tsaye. Tsarinsa shi ne C# ya ba C++ adireshin wani aiki, C++ kuma ya riƙa kiransa duk lokacin da sikeli ya turo sabon karatu. Ya yi aiki da safe. Can da rana manhaja ta mutu. Washegari ta daɗe fiye da haka kafin ta mutu. Babu wani maɓalli da za a ce shi ne sanadi.

Irin wannan ba a kama shi da zato, sai da hoton ƙwaƙwalwa (dump), wato kwafin abin da ke ƙwaƙwalwar furoses lokacin da ya mutu. Aka buɗe maɓallin rajistar Windows (Registry) `LocalDumps` ƙarƙashin `HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\Windows Error Reporting`, aka sa `DumpType` ya zama 2 don cikakken hoto. Amma kafin ma a buɗe hoton, Event Viewer ya ba da amsa da jimlar da injin ke rubutawa kafin ya kashe furoses: "A callback was made on a garbage collected delegate of type", sai sunan wakilin. Ga layin da ya jawo:

```
YiRajista(Marshal.GetFunctionPointerForDelegate<KiranAwo>(this.KarbiAwo));
```

A nan kwamfaila tana ƙirƙirar sabon wakili daga `this.KarbiAwo`, injin ya gina masa 'yar gada ta lambar na'ura, ya dawo da adireshin gadar. C++ ya ajiye adireshin. To amma mai kwashe shara na .NET, wanda ke kwato ƙwaƙwalwar abin da aka daina amfani da shi, ba ya ganin abin da ke aljihun C++. A idonsa, da layin ya ƙare babu sauran mai riƙe da wakilin, shara ne. Ba ya kwashewa nan take, sai an ware ƙwaƙwalwa ta kai wani mizani, shi ya sa lokacin mutuwar ke bin yawan aikin ranar. Da ya kwashe, gada ta rushe, karatu na gaba daga sikeli ya taka inda babu komai. Samun wannan jimlar ma sa'a ce. Wani lokaci 0xC0000005 kawai za a gani, a adireshin da ba na kowane DLL ba.

Akwai dalilin da ya sa gwajin farko bai nuna wannan ba. Lokacin gwaji an yi amfani da lambda (ƙaramin aiki marar suna) marar kama komai daga waje, irin wadda kwamfailar C# ke ajiyewa a tsayayyen wuri ta riƙa maimaita ta, don haka ba ta taɓa zama shara. Da aka mayar da ita aikin wani abu mai rai, wannan kariyar da ba a san da ita ba ta tafi. Don tabbatarwa aka sa `GC.Collect` da `GC.WaitForPendingFinalizers` nan da nan bayan rajista, sai mutuwar da ke ɗaukar sa'o'i ta koma zuwa a karatu na farko. Duk kuskuren da ake zargin mai kwashe shara da shi, haka ake jawo shi kusa.

Gyara mafi sauƙi shi ne a ajiye wakilin a wani tsayayyen fili na ajin, ya zauna muddin C++ na iya kira. `GC.KeepAlive` ba ya magani a nan, domin iyakarsa ƙarshen aikin da aka rubuta shi a ciki. Gyaran da muka fi so shi ne a rabu da wakili gaba ɗaya: tsayayyen aiki mai alamar `UnmanagedCallersOnly`, a ɗauki adireshinsa da `&`, abin da ake son ya tuna kuma a riƙe shi da `GCHandle.Alloc`, a ba C++ a matsayin `void*` ya riƙa dawo da shi a kowane kira. Ranar rufewa, C++ ya fara soke rajista ya jira zaren sikeli ya tsaya, sannan a saki `GCHandle`. In aka juya wannan jerin, mutuwar za ta dawo, sai dai a lokacin fita. A wannan manhajar an ɗauki gyara mai sauƙin tukuna, saboda ana son sikeli ya koma aiki, kuma wannan zaɓin ne ya bar kuskure na ƙarshe a raye.

Bayit uku

Wannan bai kashe komai ba, bai ba da lamba ba, kuma shi ya fi kowanne haɗari. Ƙa'idar aikin ita ce kada a adana nauyi sai sikeli ya daina rawa. Amma a rumbun an riƙa samun awon da aka adana mota na cikin hawa, nauyin bai kai na takardar da aka buga ba. Ga tsarin da C++ ke turawa:

```
struct Awo { int32_t lamba; bool tsayayye; double nauyi; };
```

A C# an rubuta takwaransa da `int` da `bool` da `double`, da `LayoutKind.Sequential`, ana karanta shi da `Marshal.PtrToStructure`. A ido babu bambanci. A ƙwaƙwalwa, `lamba` na cin bayit 0 zuwa 3. `bool` na C++ bayit ɗaya ne, na 4. Shi `double` sai ya fara a adireshin da 8 ke rabawa, don haka kwamfaila ta bar bayit 5 da 6 da 7 fanko, `nauyi` ya ci 8 zuwa 15. Jimla 16. A ɓangaren .NET kuwa, in ba a ce komai ba, mai fassara tsari yana ɗaukar `bool` a matsayin `BOOL` na Windows, mai bayit huɗu. Sai ya karanta 4 zuwa 7 a dunƙule, in ba sifili ba ne ya ce gaskiya ne. Bayit ukun nan babu wanda ya taɓa rubuta musu komai. Abin da wani aiki ya bari a kan tulin kira shi ke ciki. Ran da ragowar ta zama sifili, komai daidai. Ran da ba sifili ba, C++ ya ce sikeli na rawa, C# ya ji an ce ya tsaya.

Abin da ya sa ya daɗe a ɓoye shi ne duk binciken da aka saba yi ya wuce shi. `sizeof` ya ce 16, `Marshal.SizeOf` ya ce 16. `offsetof` ya ce 0 da 4 da 8, `Marshal.OffsetOf` ma haka. Da a ce `bool` biyu ne a jere, tsarin C# zai kumbura zuwa 24, nauyi ya fito shirme tun ranar farko a kama shi. A harhaɗawar Debug ta Visual Studio kuwa, ana cika tulin kira da 0xCC, don haka `tsayayye` kullum gaskiya yake fitowa, masu gwaji kuma da ma tsayayyen nauyi suke turawa, suna ganin abin da suke tsammani. An gano shi ne da aka tsayar da manhajar a Visual Studio da dibaga mai bin ɓangarorin biyu, aka buɗe tagar ƙwaƙwalwa a adireshin tsarin, aka ga bayit na 4 sifili ne, na 5 zuwa 7 kuma ba sifili ba.

Ana iya ɗora `MarshalAs` da `UnmanagedType.U1` a kan filin, ya wadatar. Amma an zaɓi a fitar da `bool` daga iyakar baki ɗaya: `uint8_t` a C++, `byte` a C#. Da wannan tsarin ya zama iri ɗaya bayit da bayit a ɓangarorin biyu, babu buƙatar fassara, C# na iya karanta shi ta manuni kai tsaye, abin da ya buɗe hanyar komawa `UnmanagedCallersOnly`. A wannan zaman aka bi sauran tsare-tsaren aka cire duk `long`, domin a C++ na Windows bit 32 ne ko da manhajar mai bit 64 ce, a C# kuwa 64 ne koyaushe. Aka maye su da `int32_t` ko `int64_t` gwargwadon buƙata.

Gwajin da aka ƙara a jerin gwaje-gwajen manhajar layi huɗu ne. A cika tsarin `Awo` duka da 0xFF ta `memset`, a sa `tsayayye` ya zama 0, a tura wa C#, a tabbatar ya dawo da cewa sikeli bai tsaya ba. A kan tsohuwar lambar gwajin yana faɗuwa kowane karo, a Debug da Release. Awon da aka riga aka adana kafin gyaran kuwa babu yadda za a tantance su daga cikin rumbun, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana gwama su da takardun da aka buga.